Ma'aji a Zauren Shawara

 

Lokacin da na kama aikin akawu a wani kamfani a nan Kano, farkon shekarun 1980, shugaban sashenmu wani dattijo ne da makullai ba sa rabuwa da aljihunsa. Ofishinsa yana can ƙuryar gini, kusa da ɗakin tsofaffin takardu, taga ɗaya ce da shi, ita ma da ƙarafuna. Ranar da manya za su zauna, masinja kan zo ya ce ana kiransa. Sai ya gyara zaman hularsa, ya rungumi leja, ya shiga ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ce masa an gode, ya fito ya ja musu ƙofa. Injin da za a sayo, bashin da za a ci, garin da za a buɗe reshe, duk bayan fitarsa ake yanke su. Nasa shi ne ya ji labari daga baya, ya san inda zai nemo kuɗin. Bai taɓa ɗaukar wannan raini ba. Yakan ce mana, cikin dariya, akanta ɗan'uwan mai wankan gawa ne, sai abu ya ƙare ake aika masa.

Bayan shekara 25 na zauna a irin kujerarsa a wani kamfanin dabam, amma ni ba a rufe ƙofa sai ina ciki. Abin da ya faru tsakanin ƙofofin nan biyu shi ne zancena na yau. Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, kada in wahalar da ku: shigar ma'aji zauren shawara ci gaba ne, ba na ja, amma da tsada muka saye shi, kuma mu masu sana'ar ba mu cika son a tayar da maganar tsadar ba.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sarautun Ma'aji da Ajiya sun girmi zuwan Turawa. Da Turawa suka zo, a Katsina aka fara kafa baitulmali irin na zamani, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga nan haraji da jangali suka fara shiga littafi, sarki da hakimai suka koma kan albashi. A kudu kuma Akintola Williams ya samu shaidar ƙwarewa a Ingila a 1949, ya buɗe ofishinsa a Legas a 1952, ya zama shugaban ƙungiyar akantoci ta ICAN na farko da aka kafa ta a 1965. Ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Takwararta ANAN ta biyo baya a 1979, doka ta tabbatar da ita a 1993. A mafi yawan wannan zamani abin da ake nema wurin mai kula da kuɗi abu biyu ne: kada ya taɓa, kuma kada lissafi ya ƙi fita daidai. Idonsa yana kan jiya.

To me ya jawo shi ciki? Kwamfuta ta yi nata. Haɗa lissafin ƙarshen wata da muke kwana uku a kansa, muna jiƙa yatsa da yawu muna juya shafi, yanzu yaro ɗan bautar ƙasa ya gama shi kafin azahar. Da ƙirge ya yi arha, mai ƙirge kawai ya rasa daraja. Amma wannan ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne kuɗi da kansa ya daina zama wuri ɗaya.

Ku dubi 2023. Ranar 14 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar naira ta nemo farashinta. Dala da take kusan naira 460 a hukumance ta kai wajen 900 kafin shekara ta fita, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A shekarar 2023 ɗin MTN Najeriya ya yi cinikin da bai taɓa yi ba, kusan naira tiriliyan 2.5. Mutane ba su daina kira ba, ba su daina sayen data ba. Amma da aka rufe littafi, faɗuwa aka gani ta naira biliyan 137, domin asarar canji kaɗai ta kai biliyan 740. Daga ina? Kamfanin naira yake karɓa daga hannunmu, amma hayar turakun sadarwa da yake biya da wani ɓangare na bashinsa da dala aka ɗaure su. Ranar da naira ta faɗi, bashin ya ninka ba tare da an ƙara rancen ko sisi ba. Nestlé Najeriya, mai Maggi da Milo, ya faɗi da kusan biliyan 79 a shekarar, shi ma saboda bashin dala. Ba a yi gobara ba, ba a samu ɓarawo ba, injin bai tsaya ba. Layi ɗaya ne a cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu shekaru da suka wuce, mai cewa da wane kuɗi za a biya. A 2024 sai da MTN ya koma ya sake zama da masu turakun aka rage kason dala. A shekarar kuma Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, wanda ya gudu daga bashin dala ya faɗa na naira sai ya tarar da wata wutar.

A irin wannan duniya ba za ka ajiye mai kula da kuɗi a ƙuryar gini ba. Tambayar da wane kuɗi za mu ci bashi, na wata nawa, kuma me zai same mu in canji ya juya, tambaya ce ta rai da mutuwar kamfani, kuma kafin a sa hannu ake yin ta. Shi ya sa yau daraktan kuɗi ne ke zama da bankuna, shi ke amsa wa masu hannun jari, shi ake tambaya ko a buɗe reshe a Maraɗi ko a haƙura, sau da yawa ma sashen kwamfuta da na sayayya a ƙarƙashinsa suke. A kamfanoni da dama shi ake hange in kujerar manajan darakta ta faɗi.

Malamaina na nan gaba za su ce ai wannan ba sabo ba ne, kuma da gaskiyarsu. A ƙissar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata gare shi, da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, siffa biyu ya ambata wa kansa, tsarewa da sani. Kuma aikin da ya yi ba ƙirga hatsin bara ba ne, tanadin shekara bakwai na yalwa ne domin shekara bakwai na fari. Dattijon ofishinmu ya riƙe ta farko da kyau. Zamaninmu ya matsa mana mu koyi ta biyu. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sakin ta farko garin cafko ta biyu.

Ga misali daga Amurka. Andrew Fastow shi ne shugaban kuɗi na kamfanin makamashi na Enron, wanda a lokacin yake na bakwai a girma cikin kamfanonin ƙasar. Ba mutumin ƙuryar gini ba ne. Shi ne sabon samfurin da ake yi wa ɗalibai kwatance da shi, mai basira, mai dabarun samo jari, har wata mujallar masu wannan sana'a ta ba shi lambar yabo a 1999. Dabararsa ita ce kafa wasu ƙananan kamfanoni a gefe, a tura musu bashi da kadarorin da suka lalace don littafin Enron ya fito fes. Wasu daga cikin kamfanonin shi da kansa yake tafiyar da su, ya zama shi ne mai saye shi ne mai sayarwa, ya kwashi miliyoyin daloli a tsakani. A Disamban 2001 Enron ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu da ke cikin hannun jarin kamfanin. Fastow ya samu ɗaurin shekara 6. Arthur Andersen, kamfanin binciken kuɗi da ke sa hannu a littafinsu, ɗaya daga cikin manya biyar na duniya, bai kai ƙarshen 2002 da ransa ba.

Kada mu ce abin na can ne. A 2006 aka gano an shafe shekaru ana kumbura lissafin Cadbury Najeriya, abin da ya haura naira biliyan 13, aka sallami manajan darakta da daraktan kuɗi tare. Ku lura da kalmar, tare. Sannan ga bankuna. A 2004 Charles Soludo ya ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Kuɗi ya yi musu yawa, suka riƙa ba da rance ana sayen hannun jari da shi, farashi yana hawa, kowa yana murna. Kasuwar ta faɗi a 2008, bashin ya ruɓe, amma littattafai suka ci gaba da nuna riba. Ranar 14 ga Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya cire shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya adadin ya kai 620. Sunayen shugabannin muka riƙe. Amma kowane ɗayan bankunan nan yana da sashen kuɗi cike da masu takardar ƙwarewa irin tamu, kuma shugaban banki ba ya zama ya shigar da lissafi da hannunsa. Hausawa suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni ba zan wanke sarki ba, amma bafaden da ke riƙe da alƙalami ya san kansa.

Ina so ku gane cewa yawancin waɗannan mutane ba da niyyar sata suka fara ba. Na san haka domin na taɓa taka wurin. Wata shekara, muna neman banki ya sabunta mana rance, kuma sharaɗin shi ne cinikinmu ya kai wani adadi. Ni na tsara adadin, ni na tsaya gaban daraktoci na kare shi, ni na je banki na yi musu alkawari. Disamba ta yi rabi, ba mu kai ba. Sai aka kawo shawara a loda kaya a kai rumbunan dilolinmu, a rubuta musu takardar saye, da fahimtar baki da baki cewa abin da bai shiga ba su maido bayan wata biyu. Mai kamfani bai yi mini tsawa ba. Dafa kafaɗata ya yi ya ce, "Malam, ai tare muka ɗauko wannan kaya, tare za mu sauke." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne matsalar take. Dattijon ofishinmu da an kai masa irin wannan takarda, turo ta zai yi ya ce ba ciniki ba ne, domin ba shi ya yi wa kowa alkawari ba. Ni kuwa na ci ladan kuturu.

Wata yarinya ce a sashena, ba ta fi shekara biyu da fara aiki ba, ta shigo da fayil ɗin ta tsaya bakin tebur ta ce, "Yallaɓai, wannan ciniki ne ko ajiya muka kai?" Na ce mata ta je ta yi aikin da aka sa ta. Na sa hannu. A watan Maris motoci suka fara dawowa da kaya, wasu kwalayen ruwa ya taɓa su. Shekara ta zagayo ramin ya ninka, domin yanzu sai mun cike na bara kafin mu fara na bana. A nan na tsaya, muka je banki muka faɗi gaskiya, muka sha kunya da tara, aka rage ma'aikata. Cikin waɗanda aka rage babu ko ɗaya da ya san da zancen lodin Disamba.

Wannan ita ce tsadar da na ambata da farko. Wanda ya taya tsara buri, da wuya ya zama alƙalin da zai ce burin bai cika ba. Ƙara da cewa yanzu garaɓasar ƙarshen shekara ta daraktan kuɗi a ɗaure take da ribar da shi ne zai bayyana ta.

Doka ta yi ƙoƙarinta. Bayan Enron, Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta wajabta wa shugaban kamfani da shugaban kuɗi su sa hannu da sunansu cewa lissafin gaskiya ne, in ƙarya ce gidan yari na jiransu. Mu ma mun bi. An kafa hukumar kula da rahoton kuɗi ta FRC a 2011, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma ƙa'idojin lissafi na duniya daga 2012, dokar kamfanoni ta 2020 ta sa irin wannan shaida a wuyan mutum biyun. Ku buɗe rahoton shekara na kowane babban kamfani, za ku ga sunan daraktan kuɗi da lambarsa ta rajista a ƙasan shafi. To amma doka bayan ɓarna take zuwa. Ba ta cikin ɗaki ranar da aka dafa maka kafaɗa.

Abin da na ga yana aiki ya fi wannan sauƙi. Tsarin mulkin 1999 ya yi wa Odita Janar katanga: shugaban ƙasa ba zai cire shi ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Waɗanda suka rubuta wannan sun san jarumta ba ta isa, sai an rage wa mutum tsoron kora. Kamfani ma haka ya kamata ya yi. Naɗa daraktan kuɗi da sauke shi ya zama a hannun kwamitin daraktoci, ba a hannun manajan darakta shi kaɗai ba. Kwamitin binciken kuɗi ya riƙa zama da shi ba tare da ubangidansa a ɗakin ba, ko sau biyu a shekara. Ni kuma da a ce za a maido ni baya, zan roƙi a raba garaɓasata da ribar shekara ɗaya, ko da za ta ragu.

A gwamnati ba zan daɗe ba, tunda akwai waɗanda suka fi ni sani a nan. Asusun bai ɗaya da aka tilasta a Satumban 2015 da tsarin biyan albashi na IPPIS sun karɓe makulli daga hannun daraktocin kuɗi na ma'aikatu da yawa, kuma na ji masu ƙorafin cewa an rage musu iko. An rage, amma ikon riƙe kuɗi a banki ba shi ne aikin ba tun asali. Wanda nake tausaya wa shi ne ma'ajin ƙaramar hukuma. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa musu kai tsaye. Duk ranar da wannan ya tabbata sosai, mutumin da ke tsakanin kuɗin asibitin ƙauye da aljihun 'yan siyasa shi ne wannan ma'aji, mai matakin albashi kaɗan, wanda takarda guda ta isa ta mayar da shi wata ƙaramar hukumar mai nisa. Ƙungiyoyinmu na ta shirya taruka a manyan otal kan makomar shugabannin kuɗi. Ban ga an shirya masa nasa ba.

Akwai kuma wurin da sauyin bai ma fara ba, kuma a ƙofar gidanmu yake. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, Alhassan Ɗantata raƙuma ya loda da kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya ga sabon abu ya gane amfaninsa kafin tsaransa. Yau a kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau akwai gidajen da cinikinsu ya fi na wasu kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, amma aljihun Alhaji da asusun kasuwa abu ɗaya ne. Kuɗin kaya, kuɗin biki, kuɗin kujerar Makka na 'yan'uwa, duk daga tukunya ɗaya. Bashin da ke waje a kansa yake ko a wani ɗan littafi da shi kaɗai ya iya karantawa. Ranar da ya faɗi, magada su raba shaguna, masu bashi su yi shiru, waɗanda ake bi su ɓace, dukiyar shekara 40 ta watse kafin a yi sadakar arba'in. Kun san gidajen, ba sai na kira suna ba.

Akantan da aka ɗauka a irin wannan gida yakan zo ya same ni yana kukan cewa Alhaji ba ya sauraronsa. In na tambaye shi me ya kai masa, sai ya fito da shafi 30 na Turanci da jadawali. Laifin wa? Alhaji ya fi ka sanin kasuwa nesa ba kusa ba, ya san farashin masara a Dawanau kafin ka farka. Abin da bai sani ba shi ne wanda kai kaɗai ka gani a littafi, kuma dole ka faɗa masa da harshen da yake ciniki da shi. Ka ce, "Alhaji, shagon nan na uku uwar kuɗi yake ci, ba riba ba." Ka ce, "Kayan da muka karɓo bashi da dala, naira muke sayar da su, in canji ya ƙara ɗari biyu ribar shekara ta tafi." Ka nuna masa cewa ko zakka ba za ta fita daidai ba sai an san abin da ke rumbu da abin da ke hannun mutane. Na ga dattawa da suka ƙi jin zancen odita shekara da shekaru, amma da aka zo ta ƙofar zakka da rabon gado suka ce a kawo littafin. Kuma ka faɗa masa ku biyu, ba gaban yaransa ba.

Saura abu ɗaya, na manyan da ke nan. A 2002, a kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka, wadda ta tono ɓarnar ba babba ba ce a kan shugaban kuɗi. Cynthia Cooper ce, shugabar binciken cikin gida, ita da 'yan sashenta suka riƙa aiki da dare a ɓoye har suka gano dala biliyan 3.8 na kuɗin gudanarwa da aka rubuta a matsayin kadara don riba ta fito. Shugaban kuɗin, Scott Sullivan, ya nemi ta jinkirta binciken. Ba ta jinkirta ba, ta wuce wurin kwamitin binciken kuɗi. Sullivan ya samu ɗaurin shekara 5, shugaban kamfanin Bernard Ebbers ya samu 25. Kullum in ana ba da wannan labari mukan sa kanmu a wurin Cooper. Amma yawancinmu da muka kai furfura kujerar Sullivan muke kai, mu ake kawo wa fayil, kuma a al'adarmu yaro ba ya maimaita tambaya in babba ya haɗe fuska.

Yarinyar nan da na kora daga bakin teburina, na haɗu da ita bara a wani ɗaurin aure. Yanzu ita ce daraktar kuɗi a wani kamfanin sarrafa shinkafa. Na ba ta haƙuri, ta ce ita ta manta, na san kara ce ta yi mini. Na tambaye ta yadda take yi da nata yaran. Ta ce doka ɗaya ta kafa a sashen: duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba a fayil, ko ɗan bautar ƙasa ne, ya rubuta tambayarsa a jikin fayil ɗin da kwanan wata, ita kuma dole ta rubuta amsa a ƙarƙashi ta sa hannu kafin kuɗi ya fita. Ta ce sau uku ta ɗauki biro za ta rubuta amsa, ta ga ba za ta iya barin ta a takarda ba, ta mayar da fayil ɗin sama.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga takardar da ka turo, na ci minti biyar daga lokacin tambayoyi. A fara daga ɗaliban da ke baya in ka yarda.